Inna Yalwa da takardar Gindin Tsamiya

Shekara biyu ke nan da rasuwar kakata, Inna Yalwa, mahaifiyar Abbana. Ta rasu 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, a ɗakinta na gida Najeriya, a kan tabarmar da ta yi ta kewa duk watannin da ta zauna da mu a Dubai. Ina da shekara goma sha huɗu a lokacin, yanzu ina da goma sha shida. Tun bara nake son in rubuta wani abu a kanta, sai in fara in yage, domin ni ba mai magana ba ce, ko takarda ma sai na jima kafin in sake da ita. Bana dai na nemi izinin Abba. Ya ce in rubuta, amma akwai abu ɗaya da zan bari. Na yi masa alkawari, kuma mai karatu zai gane wurin idan mun iso.

Inna ungozoma ce. Ta shekara kusan arba'in tana karɓar haihuwa a ƙauyukan tsallaken kogi, inda aka haife ta, kafin 'ya'yanta su matsa mata ta dawo cikin gari ta huta. Ciwon suga ne ya taɓa mata ido, shi ya sa Abba ya kawo ta nan a ƙarshen shekarar 2018 don likitoci su duba ta. Muna zaune a unguwar Al Nahda, hawa na tara, aka sa mata gado a ɗakina. Ba ta taɓa shiri da esi ba. Da rana tsaka sai ka same ta da safa biyu da mayafi, tana cewa mutanen garin nan sun kamo sanyi sun kulle a ɗaki suna kiwonsa. Lif kuwa sai ta yi bismilla kafin ta shiga, ta yi hamdala in ta fito, ko da kuwa akwai Indiyawa biyar a ciki suna kallonta.

Ƙawata take kirana. Kullum in na dawo daga makaranta, kafin in cire yunifom, sai ta ce in tsaya bakin taga in gaya mata abin da nake gani. Ranar farko na ce ba komai, motoci ne kawai a kan hanyar Sharjah. Ta ce ita ba ta san wani abu wai shi ba komai ba. Wace irin mota? Wa ke ciki? Mutumin da ke tsallaka titi, da wane hannu ya riƙe leda, kuma tafiyarsa ta mai komawa gida ce ko ta mai barin gida? Da farko abin ya dame ni, daga baya ya zama shi nake jira tun daga cikin motar makaranta. Ni da ko hannu ban taɓa ɗagawa a aji ba, sai ga ni ina ba tsohuwa labarin mai wankin motar da ke ɗingishi da ƙafar hagu, da tattabarar da ta yi gida a bayan esin maƙwabtanmu. In na yi sauri sai ta ce, "Koma baya, kin tsallake gefe."

Wani lokaci ina tunanin me za ta ce da ta ga shekarar da muka yi ta korona. Wata da watanni muna karatu ta kwamfuta, ni kuma na samu abin da nake so, na kashe kyamara na kashe murya, malama sai dai ta ga sunana a cikin baƙin akwati. Na san Inna ba za ta yarda ba. Za ta ce in kunna, yarinya ba fatalwa ba ce. Takunkumin fuska kuwa ina jin zai ba ta dariya, don ta saba cewa a ido ake gane mutum, ita kuma nata idon ya riga ya ƙi.

Abin da nake son bayarwa ya faru ne lokacin zaɓen 2019, kuma a kan kujerar sanatan yankinmu ne. Abba yana sayar da kayan gyaran mota a Ras Al Khor, yana loda kwantena zuwa gida. Shi da abokansa 'yan garinmu sun tsaya wa ɗan takara guda tsayin daka, saboda ya yi alkawarin gada a kan kogin nan da har yau ake tsallaka shi da kwalekwale. Sai dai wanda ke zaune a ƙasar waje ba ya jefa ƙuri'a sai in ya koma gida. Abba bai tafi ba saboda asibitin Inna. Abokinsa Alhaji Ɗanlami, wani dogon mutum mai yawan barkwanci, shi ne ya sayi tikiti ya tafi da bakinsa cike da cika baki, sai aka ɗage zaɓen da mako guda, kayansa kuma suna jiran sa hannunsa a nan, dole ya dawo bai dangwala ba. Sun yi masa tsiya har ya gaji. Ranar zaɓe falonmu ya cika da maza bakwai ko takwas, kowa da waya biyu. Inna ta tambaye ni a hankali ko akwai mai tawada a yatsa a cikinsu. Na ce babu. Ta ce to, Allah ya ba su sa'a.

Abba yana da ƙane ɗaya tak, Baffa Sani, malami a kwalejin horar da malamai. Tun Baffa yana firamare mahaifinsu ya rasu, Abba ne ya riƙe shi har ya zama mutum. A zaɓen nan aka ɗauki Baffa aikin tattara sakamakon wata mazaɓa a tsallaken kogi, wato shi za a kawo wa takardun rumfunan zaɓe ya haɗa ya sa hannu. Da Abba ya ji, sai ya yi murna, ya ce alhamdu lillahi, namu ne a wurin. Ina jin muryar Baffa ta cikin waya yana cewa, cikin ladabi, shi a wurin nan ba na kowa ba ne. Abba ya yi dariya ya ce ai ya sani. Ban tabbata ya ji abin da aka gaya masa ba.

Ga yadda su Abba suka shirya nasu aikin. A kowace rumfa in an gama ƙirga, ana cika takarda a manna a bango, mutane su ɗauki hoto. Su Abba suna da guruf na 'yan garinmu a waya, mutum ɗari da wani abu, na gida da na waje, a nan ake ta turo hotunan. Suka yanko murfin kwali suka ajiye a kan teburin falo. In hoto ya shigo, Malam Habu, wanda ya fi su shekaru kuma ya fi su daɗewa a Dubai, sai ya rubuta sunan wurin a kwali ya karanto lamba, Alhaji Ɗanlami ya danna a katuwar kalkuletarsa ta shago. Haka suke tara nauyin kaya in za a yi kargo: a karanto, a danna, a wuce, jimla tana hawa. Ba a rubuta lambar kowace rumfa a ko'ina ba, suna kawai da alamar an shigar. Sun yi shekaru suna aiki a haka bai taɓa ba su kunya ba.

A nan Lahadi ranar makaranta ce, don haka yawancin abin bai faru a gabana ba. Ranar Litinin da na dawo, tun daga bakin lif na ga takalma sun yi yawa a ƙofarmu, kuma babu ƙamshin abinci. An bayyana sakamako, ɗan takararsu ya faɗi. Wannan kaɗai da sun haɗiye. Abin da ya tayar da hankali shi ne, adadin da Baffa ya sa wa hannu a mazaɓarsa bai kai wanda ke kan kalkuletar Alhaji Ɗanlami ba, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. Suka ce in an zaftare a nan, inda suke da hoton kowace takarda, to an zaftare ko'ina. Sunan Baffa ya fara yawo a guruf. Wani ya rubuta cewa an san gidan da yake, wani ya ce ana jiran a ji ta bakin yayansa. Umma tana kicin ta kunna famfo ba ta wanke komai. Matar Baffa ta kira ta tana kuka, ta ce samari sun taru a bakin layinsu, ta hana yara fita.

Na fita baranda kwaso yunifom ɗina da aka shanya, sai na tarar da Abba a can, ya juya baya, ya kara waya a bakinsa yana ɗaukar saƙon murya. Bai gan ni ba. Na tsaya riƙe da hijabi mai ɗumi, na kasa gaba na kasa baya, har ya gama. Nan ne wurin da na yi alkawarin bari. Abin da zan iya cewa kawai, saƙon na guruf ne, a kan Baffa yake, kuma irin maganar da in ta fita daga bakin wa a kan ƙanensa, a gaban mutum ɗari, babu sauran gyara. Samarin da ke bakin layi ma ita suke jira. Na lura bai tura ba tukuna. Ya ajiye shi, yana son abokansa su ji su ce ya yi.

Ɗakinmu yana jikin baranda, tagar kuma a buɗe take saboda Inna ta sa an kashe esi. Da Abba ya shigo, sai ta kira shi da sunan da ita kaɗai ke kiransa da shi, ta ce kada ya tura komai sai ta ga takardun. Abba ya ce, "Inna, da wane idon?" Ta ce da na ƙawarta. An kira la'asar a masallacin ƙasan bene, abokansa suna ta yalla yalla, wato a yi sauri, a bakin ƙofa. Ba ya iya yi mata musu a gaban mutane, don haka ya miƙo min wayar, ya ce in sun dawo khalas, shi ke nan, zai tura, suka fita.

Daga baya Inna ta gaya min gaskiya, ba ta da wata dabara a ranta. So take kawai ta riƙe wayar a ɗakinta na minti ashirin ko zuciyarsa ta ɗan sauka, kuma tana son jin labarin gida. Shi ya sa da na fara karanto mata lamba sai ta ce in bar lamba, ta maza ce, in gaya mata gefe. Na riƙa buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Wannan an manna takardar a jikin bangon ƙasa, akwai akuya a baya. Ta ce a'a, kalar ƙasar fa? Na ce ja. Ta faɗi sunan ƙauyen kafin in karanto shi, ta ce a can ta karɓi 'yan uku cikin damina. Wani an ɗauka a gaban shagon magani, wani a jikin motar ɗaukar kaya. Tana ta murmushi tana juya gwangwanin goronta a hannu, kamar ba ita ce 'ya'yanta biyu ke shirin rabuwa ba. Ni kuwa ina kallon agogon wayar.

Sai na zo kan wanda aka rubuta wa Gindin Tsamiya. Hannun mace ne ya riƙe takardar, da lalle a yatsu, ba a ɗauko saman takardar ba, mai hoton lambobi kawai ya nufa. An yage kusurwar ƙasa ta dama. A baya akwai koriyar ƙofa, an yi mata faci da gwangwanin tumatir da aka buɗe aka shimfiɗe, har ana iya ganin jan rubutun. Inna ta ce to, ci gaba. Na wuce hotuna huɗu ko biyar, na zo kan wanda wani mutum daban ya turo washegari, ya rubuta Firamaren Tudun Kwata. Wannan an manna takardar a bango, an ɗauko ta daga nesa kaɗan. Na fara cewa bangon fari ne, a gefe akwai koriyar ƙofa da aka yi wa faci, sai na tsaya.

"Da gwangwanin tumatir," in ji Inna. "Ai kin gaya min wannan ɗazu."

Na ce wancan Gindin Tsamiya ne, wannan makaranta ce. Sai ta yi dariya har ta yi tari. Ta ce tsamiyar nan ta faɗi tun kafin a haife ni, shekarar da ruwa ya ci rabin ƙauyen. A inda take aka ƙara ajin makaranta, kuma a cikin ajin nan ita da kanta ta karɓi haihuwa lokacin da mutane suka fake a ciki. Tsofaffin wurin har gobe Gindin Tsamiya suke cewa, yara da ma'aikata kuma su ce firamare. Na faɗaɗa hoton na biyu da yatsu biyu. Kusurwar ƙasa ta dama a yage take. Lambobin, da na daure na kalla, iri ɗaya ne. Na fita falo da gudu na duba kwalin, ga Gindin Tsamiya can sama da alamarsa, ga Firamaren Tudun Kwata can ƙasa da tasa. Rumfa ce babba, kuma ɗan takarar su Abba ne ya cinye ta.

Na dawo na ce mata sai ta gaya wa Abba. Ta ce ita ba ta ga komai ba, makauniya ce, in ta faɗa za a ce tsohuwa tana kare autanta. Na ce to Umma. Ta ce Umma ma ba ta gani ba. Na roƙe ta har na fara hawaye, domin ni ko gaisuwa in na kai wa baƙin Abba ruwa, da ƙyar nake iya yin ta. Ba ta lallashe ni ba. Ta dai kama hannuna ta ce in miƙar da ita, in kai ta falo, don ta ji ƙarar lif.

Har yau ina iya tuna abin da idona ya kafe a kai: zoben da kofin shayin karak ya bari a kan kwalin, daidai kan sunan wani ƙauye. Inna ta zauna a kujerar Abba, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Ƙawata tana da magana." Alhaji Ɗanlami ya dube ni ya ce ikon Allah, ashe Nafisa tana jin Hausa, shi ya ɗauka sai Larabci da Turanci. Aka yi 'yar dariya, Abba bai yi ba. Ya miƙo hannu yana son wayarsa. Ban ba shi ba, kuma wannan ne karo na farko a rayuwata da ya miƙo hannu na ƙi. Duk bayanin da na shirya ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Abba, ƙofa ɗaya ce." Sai na nuna masa hoton farko, na nuna masa na biyu, shi kuma ya riƙe wayar ta ƙasa yana dubawa.

Malam Habu ya ce ba zai yiwu ba, shi ya san Gindin Tsamiya, a ƙarƙashin itacen ya taɓa jefa ƙuri'a, makaranta kuma tana can gaba. Inna ta tambaye shi, cikin girmamawa, yaushe rabonsa da tsallaka kogi. Ya fara lissafi da yatsu, ya wuce hannu ɗaya, ya wuce na biyu, sai ya sauke hannun ya gyara hularsa. Wayar ta zaga falon. Kowa sai ya faɗaɗa, ya ga gwangwanin tumatir, ya ga yagaggiyar kusurwa, ya miƙa wa na gaba. Abba ya ce in kawo takarda. Na ciro tsakiyar littafin lissafina, aka sake bi daga farko, wannan karon ana rubuta kowace rumfa da lambarta. Aka sake samun wata ƙaramar rumfa da mutum biyu suka turo, ɗaya da sunan unguwa, ɗaya da sunan mai unguwa. Da aka cire biyun, Alhaji Ɗanlami ya danna jimla, ya kalla, ya share ya sake dannawa. Adadin Baffa ne, babu ɗaya a sama babu ɗaya a ƙasa.

Ba zan ce kowa ya gamsu ba. Alhaji Ɗanlami ya ce to wannan mazaɓa ɗaya ce, sauran fa, shi har yanzu bai yarda an yi zaɓen Allah da Annabi ba. Inna ta ce mai yiwuwa gaskiyarsa ne, ita ta ga zaɓe da yawa kuma ba duka ne masu tsabta ba, amma mutum ya yi magana a kan wanda ya gani. Abba ya tashi ya koma baranda. Ta gilashi na ga babban yatsansa ya daɗe a kan wayar, sannan ya danna, ya sake dannawa. Da ya shigo, Inna ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce idonta ne ya mutu ba kunnenta ba, ta tsaya nan. Sannan ta ce ya kira Sani, yaron nan kwana biyu yana zaune a kan benci, a tambaye shi ko ya sa wani abu a cikinsa. Abba ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Da ya fito, ya tura hotunan biyu a guruf, gefe da gefe, da ɗan rubutu cewa kuskuren daga Dubai yake, daga falonsa. Kafin magariba matar Baffa ta kira Umma ta ce samarin sun watse.

Idon Inna bai dawo ba. Bayan 'yan watanni ta ce ya isa, a mayar da ita inda ƙafarta za ta taka ƙasa ba sai an shiga akwati an sauka ba. Ta yi azumi a gida, ta yi Sallah biyu, Allah ya karɓi abarsa. Muka je. Daga cikin gida ba a ganin jana'iza, amma ta tsagar ƙofa na ga Abba da Baffa sun fito da makara, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Matan da suka zo daga tsallake ba su ƙirguwa, kowace ta zauna sai ta nuna wani ƙato ko wata mai goyo ta ce wannan a hannun Inna ya faɗo.

Yanzu ana ta muhawara a gida kan a riƙa aika sakamakon zaɓe ta na'ura kai tsaye daga rumfa. Su Abba suna tafka ta a falo duk Juma'a, wasu na so, wasu na cewa ina ƙauyen da ko sabis babu. Ina jin da Inna tana nan ba za ta ƙi na'ura ba, ita da ta ga amfanin hoto da idon wani. Za ta dai tambaya ko an samu wanda zai riƙa duba gefe, da wanda ya san sunan da tsofaffi ke kiran wuri. Gada har yanzu ba a yi ba, wanda ya ci ɗin ma ya yi alkawarinta daga baya, kuma wannan ba zai ba ta mamaki ba. Abin da zai faranta mata rai, ina tsammani, ƙanana ne. Malam Habu ya je gida bara da aka buɗe hanya bayan kullen korona, ya tsallaka kogi musamman, ya turo hotonsa a jikin koriyar ƙofar yana dariya. Alhaji Ɗanlami in ya gan ni sai ya miƙe ya ce ga hukumar zaɓe ta iso, kuma ya rantse wannan karon sai ya yi sati uku a gida ko kwantena za ta ruɓe. Ni kuma na fara kunna kyamara tun kafin a koma aji, ko da yake hannu har yanzu sai na yi shawara da zuciyata kafin in ɗaga. Kafin zaɓe mai zuwa zan cika goma sha takwas, Baffa ya ce shi zai kai ni in yi rajista.

Da na zauna ina auna abin da ya rage na Inna, kayan ba su da yawa. Safarta biyu suna cikin durowata, gwangwanin goron yana wurin Umma ta zuba allura. Akwai ɗabi'ar tsayawa bakin taga, wadda har yau nake yi in na dawo, ko da babu mai tambayata. Amma mafi girma shi ne abin da Baffa ya gaya min ranar addu'ar bakwai, muna zaune a soro ni da shi bayan mutane sun ragu. Ya ce ranar Litinin ɗin nan yana cikin motarsa a harabar makaranta, ya kasa komawa gida, yana karanta abin da ake rubutawa a kansa. Ya san yayansa zai yi magana, kuma ya riga ya shirya amsa mai zafi, wadda shi ma ba zai iya janyewa ba. Da ya ga kiran, ya bar wayar ta yi ta ƙara kafin ya ɗauka.

"Sai na ji ya ce, Sani, ka ci abinci? Wallahi Nafisa, duk abin da na tanada sai ya zube. Na ce a'a Yaya, ban ci ba."

Har yau ba su daina saɓani a kan siyasa ba, wani lokaci har Umma ta rufe ƙofar kicin saboda hayaniya. Amma duk Juma'a in Abba ya dawo daga masallaci sai ya kira, kuma da tambayar nan yake farawa, Baffa kuma ko ya ƙoshi sai ya ce bai ci ba. Baffa bai taɓa jin saƙon baranda ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Mu biyu ne muka ji shi, ni da Inna. Ita ta tafi kabari da nata, ni ma nawa yana nan inda ta bar min shi. Allah ya jiƙan Inna Yalwa, ya haskaka mata fiye da yadda idon duniya ya hana ta.